Tuntuɓe gushin gaba: mene ne "gushi" ɗin?

Wani ɗalibi ya turo min saƙo daga Gusau, ya ce karo biyu ke nan yana zana JAMB, jarrabawar shiga jami'a a Najeriya, makinsa bai kai ba, cikin 400 ko rabi bai haɗa ba, ranar da sakamako ya fito kakarsa ta dube shi ta ce "tuntuɓe gushin gaba ne ɗan nan", shi kuma bai gane gushin ba, wai ko lallashi ne kawai irin na tsofaffi.

To ɗana, ba lallashi ba ne kawai. Gushi daga gusa yake, wato matsawa kaɗan, kamar in an ce maka gusa can in zauna, daga nan ne kuma muka samu gushewa, hankalinsa ya gushe, wato ya bar inda yake. Yanzu ka tuna yadda tuntuɓe yake a jiki, kana tafiya dutse ya doki ɗan yatsanka, ai ba baya kake yi ba, gaba kake antayawa taku biyu ko uku da sauri don kar ka kai ƙasa, kafin ka ankara ka wuce inda da kake. Abin da Bahaushe ya lura da shi ke nan, kuma wallahi lurar tana burge ni, don bai ce yatsan bai yi jini ba. Ya yi. Amma ka matsa, kuma gobe in ka biyo hanyar ka san inda dutsen yake. Saboda haka tambayar da zan maka, ka gano dutsen naka? Lissafi ne ko Turanci, ko kuwa kwamfutar ce ba ka saba da ita ba lokaci ya ƙare maka kana lalube? Mutum zai iya buga dutse guda sau uku fa in bai taɓa sunkuyawa ya dube shi ba.

Wata baiwar Allah kuma daga Maradi ta ce to ya za a yi da "ba a ɓari a kwashe daidai", ba su ci karo ba? Ni dai ban ga karo ba. Gero in ya zube dole wani ya bi ƙasa, wannan magana ce kan asara (kalmar ma aro ce daga Larabci, shi ya sa za ki ji wasu na cewa hasara), shekarar da yaron nan ya rasa ta tafi, kuɗin fom sun tafi, ba mai dawo masa da su kuma bai kamata a yi masa ƙaryar cewa ba komai ba. Cikin karin maganar biyu, ɗaya tana lissafin abin da ya zube ne, ɗayar tana kallon ƙafar mai tafiya. Ku da kuke da kokawar takobi a Nijar, gasar da ake ba zakaranta takobi, kun fi kowa sanin wannan, ɗan kokawa ya sha kaye bana takobi ya wuce shi, amma kamun da aka kayar da shi da shi ba zai manta ba har baɗi.

Sai mai tambaya kan kuskure da kuskura. Kuskure shi ne saɓa wa abin da aka nufa, maharbi ya saki kibiya ta kuskure barewa, ka ga ashe sai wanda ya ɗana baka ya harba ne ma ake cewa ya yi kuskure. Kuskura kuwa kasada ce, kar ka kuskura ka taɓa, wato kar ka yarda ka gwada. Matasa da yawa na rubuta ɗaya a wurin ɗaya a Facebook, a dinga kula da wasalin ƙarshe don Allah.