Akwatin Kawu: ajiye salatif ɗin nan tukuna

(Muryar da Yaya ya turo zauren iyali daren jiya. An mayar da ita rubutu saboda masu ƙarancin data.)

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ƙanina, tun la'asar na ji saƙonka, ina kan hanya ne, kuma na ga maganar ta fi ƙarfin rubutu, gara in yi ta da baki. Ga waɗanda ba su bi zancen ba, ya buɗe akwatin ƙarfen Kawu ne, Allah ya jiƙansa da rahama, sai ya tarar da tsofaffin komik, wato mujallun nan masu ba da labari cikin zane, sun kai sittin. Ya ce ya gani a Facebook an sayar da irinsu dala miliyan 6, yana tambaya ko namu ma kuɗi ne. Wai kuma gobe zai sayo salatif ya liƙe waɗanda suka yage, ya bi su da dutsen guga su miƙe.

To don Allah na roƙe ka, ajiye salatif ɗin nan, dutsen gugar ma bar shi a kan kaya. Shekarata ta kai ashirin ina tara waɗannan abubuwa, kuma babbar ɓarnar da na taɓa yi da hannuna salatif ne ya jawo ta. Akwai wani ƙwaya ɗaya da nake ji da shi, gefen bangon ya ɗan tsage kamar tsawon farce, na liƙe shi tsaf ina murna na yi gyara. Bayan 'yan shekaru ledar salatif ɗin ta bushe ta faɗi da kanta, amma gam ɗin ya riga ya shige cikin takardar. Ya bar wani tabo ruwan ƙasa, kamar an ɗiga man gyaɗa, in ka ɗaga shafin a haske har kana hango ɗaya gefen ta wurin. Tabon nan ba ya fita. Har yau in na buɗe shi raina sai ya sosu.

Yanzu maganar miliyan 6. Gaskiya ne, ba ƙarya aka rubuta ba. Sunan komik ɗin Action Comics lamba 1, na watan Yunin 1938, a cikinsa Superman ya fara bayyana a duniya. Santi 10 ake sayar da shi a Amurka a lokacin. A watan Afrilun 2024 gidan gwanjon Heritage ya sayar da kwafi ɗaya dala miliyan 6. Amma ka tambayi kanka me ya sa. An buga wajen dubu 200, waɗanda aka san sun rage yau ba su wuce kimanin ɗari ba. Kayan yara ne, a karanta a yar. Lokacin yaƙin duniya na biyu an yi ta tattara tsofaffin takardu ana sake sarrafa su, iyaye mata suna share ɗaki suna zubarwa, daga baya har ƙona su aka riƙa yi a wasu garuruwa, wai suna lalata tarbiyyar yara. Kamar dai yadda namu suka ƙare a hannun mai ƙosai da mai tsire. Abin da ya tsira daga duk wannan shi ya yi tsada.

Ka ga tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Sai abu uku sun haɗu: ya kasance ya yi ƙaranci, ya kasance akwai wani abin tarihi a ciki, galibi fitowar farko ta wani jarumi, sannan ya kasance da lafiyarsa. Batman ya fara fitowa a Detective Comics lamba 27, 1939. Spider-Man a Amazing Fantasy lamba 15, 1962, wanda a 2021 aka sayar da wani mai kyau sosai dala miliyan 3.6. Black Panther, sarkin nan na Afirka da aka yi wa fim, a Fantastic Four lamba 52, 1966. Lambar da ta biyo bayan ta Batman ko ta Black Panther, wata ɗaya kacal tsakani, kuɗinta bai ko kama ƙafar ta farkon ba. A ɗaya gefen kuma, X-Men lamba 1 na 1991 an sayar da fiye da miliyan 8, kowa ya saya ya ɓoye yana jiran ya yi arziki da shi. Yau shekararsa ta haura talatin, amma 'yan daloli kaɗan ake sayar da shi, don kowa na da shi. Abin da kowa ya adana ba ya tsada.

Bari in tsaya a kan lafiyar, don nan ne gizo ke saƙa. Akwai kamfani a Sarasota, jihar Fulorida, ana ce masa CGC, tun shekarar 2000 yake wannan aiki. Ka aika musu, masana su duba shafi bayan shafi, su ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, sannan su rufe shi ruf cikin wani gida na roba mai tauri, da takardar shaida a sama. Daga nan ba a ƙara buɗewa, in ka fasa robar makin ya tashi. Wanda ya samu 9.8 kamar yanzu ya fito daga injin buga shi. Mai 6 an karanta shi amma an kula da shi. Mai 4 ya sha hannu, ya yi layin lanƙwasa. Mai 2 ya jigata amma shafukansa sun cika. Ƙasa da haka kuma sai dai a ce Allah ya kyauta.

Me suke dubawa? Ɗauki guda ɗaya yanzu ka riƙe shi kusa da fitila. Dubi ƙashin bayansa, inda aka naɗe takardar. Za ka ga wasu 'yan gajerun layuka farare a kwance, inda launi ya karye saboda buɗewa da rufewa, kowane ɗaya yana cin maki. Dubi kusurwoyi huɗun, suna da tsini ko sun mule? Dubi ƙarfen nan biyu da suka ɗinke tsakiya, in sun yi tsatsa za ka ga jan ya bi takardar ya zagaye su. Buɗe tsakiya a hankali ka ga ko shafin tsakiyar na nan a maƙale. Sannan launin takardar ciki, fara ce, ko ta koma ruwan madara, ko ta yi ja har tana karyewa in ka taɓa gefe? Ka sansana ma, warin fumfuna ba ya ɓuya. Kuma ka ƙirga shafuka. Yara kan yanke talla ko hoto. A 1974 kamfanin Marvel ya riƙa buga wani ɗan tambari a shafin ciki wanda ake cewa yara su yanke su tara. Incredible Hulk lamba 181, inda jarumin nan Wolverine ya fara fitowa sosai, yana da shi. Sai ka ga bango garau, ka buɗe ciki ka tarar da ɗan rami mai kusurwa huɗu inda wani yaro ya sa almakashi shekara hamsin da suka wuce, shi ke nan kuɗin ya zube.

Ga labarin da nake so ka riƙe. A 2013 wani mutum a jihar Minesota yana gyaran tsohon gida, ya fasa bango, sai ga Action Comics lamba 1 a cikin tsofaffin jaridun da aka cusa don tare sanyi. Ana cikin ɗoki da gardama da dangi, wannan ya ja wancan ya ja, bangon baya ya yage. Maki 1.5 aka ba shi, aka sayar dala dubu 175. Kuɗi ne mai yawa, amma masu gwanjon da kansu sun ce yagewar nan ta cinye dubban daloli. Wanda aka sayar miliyan 6 ɗin kuwa makinsa 8.5. Littafi ɗaya ne, labari ɗaya, shekara ɗaya. Bambancin kawai yadda aka riƙe shi. Saboda haka kada ka bari yara su yi ta karɓa hannu zuwa hannu, na ji hayaniyarsu a bayan muryarka.

Shi kuma gyara, abin da ya sa na hana ka, masu saye sun fi son abu da rauninsa na asali a kan wanda aka taɓa. Takardar shaidar CGC kala-kala ce. Shuɗiya ita ce ta wanda ba a yi masa komai ba. In suka gano an sa gam, ko an bi wurin da ya koɗe da biro ko fenti, ko an datse gefe da reza don ya yi kaifi, sai su ba shi mai ruwan shanshanbale, wato an gyara, kuma sau da yawa farashin kan faɗi warwas. Suna ganewa kuwa, har da fitila ta musamman suke haskawa. Ana miƙar da lanƙwasa, e, amma da inji ake yi a hannun ƙwararru, an auna zafi an auna laima. Dutsen gugar gida zai gasa takardar ne, ya kashe ƙyallin bangon.

To mu dawo kan hotunan da ka turo. Ba zan yaudare ka ba. Guda uku na Spider-Man ɗin nan masu faɗi, waɗanda cikinsu baƙi da fari ne, bugun Ingila ne na mako-mako, an fara irinsu a farkon shekarun 1970. Labaran Amurka ne aka sake bugawa, kuɗinsu kaɗan ne. Sauran kuma dubi farashin da ke kusurwar bango, shi zai fara gaya maka zamani. Santi 10 har zuwa wajen 1961, santi 12 daga nan zuwa 1969, sai 15, sai 20, sai 25 a tsakiyar shekarun 1970. In ka ga 9d ko 12p, yana iya zama bugun Amurka ne da aka yi wa farashin Ingila, irin wannan na asali ne shi ma. Amma shaida ta gaskiya tana ƙasan shafin farko na ciki, wani ƙaramin rubutu da sai ka kusanto da ido, nan za ka ga suna da lamba da shekara da kamfani. Ka kiyaye, a 1974 an sake buga Action Comics lamba 1 ɗin nan da girman da ya fi na asali, kuma an sha yaudarar mutane da shi bayan an cire bangon waje. Ko ka ga Superman ɗauke da koriyar mota a bango, kada zuciyarka ta buga tukuna.

Abin da ya tsayar da ni a hotunanka daban ne. Hoto na bakwai da na tara. Na bakwai African Film ne, labarin Lance Spearman, mai hula da kwat da sigari, wanda ba zane ba ne, hotunan mutane ne na gaske aka jera da magana a kai. Kamfanin Drum ya riƙa fitar da shi daga 1968 zuwa 1972, su Kawu suna samari suna rububinsa daga Najeriya har Kenya. Na tara kuma Powerman ne. Wannan don Najeriya aka yi shi musamman a 1975, baƙin jarumi ne, kuma Turawan Ingila biyu da suka zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland, daga baya sun zama manyan sunaye a wannan sana'a. Masu bibiyar aikinsu suna neman waɗannan, samunsu kuwa wuya, domin a nan aka sayar da su, a nan kuma gara da damina suka cinye su. Ba su da tsayayyen farashi kamar na Amurka, don ba a cika kai su gwanjo ba. Ni dai a wurina su ne zinariyar akwatin nan. In ka ci karo da Ikebe Super na Wale Adenuga, wanda ya fara a 1976, shi ma ware shi gefe ɗaya.

Maganar aikawa Amurka a ba su maki, kada ka yi gaggawa. Da dala ake biya, ga kuɗin jirgi zuwa da dawowa, ga inshora. Littafin da bai wuce dala 20 ba, asara ce tsantsa. Sai wanda muka tabbatar babba ne. Kuma in kana duba farashi a intanet, kada ka kalli abin da mai kaya ya sa, kowa na iya sa miliyan. A kasuwar intanet ta eBay akwai wurin da ke nuna waɗanda aka riga aka sayar, shi za ka duba, ka gwada da mai lafiya irin ta naka. Duk wanda ya biyo ka ta akwatin saƙo yana cewa ka fara tura kuɗin rajista kafin ya saya, ɗan damfara ne. Haka wanda zai ce a haɗa masa duka a buhu ya ba da kuɗi ɗaya, ya hango wani abu ne a ciki.

Ajiya kuma, fitar da su daga ɗakin nan mai rufin kwano. Takardar jarida ce, akwai sinadari mai tsami a jikinta, zafi ke tayar da shi ya ci ta. Tarin da ya fi kowanne suna a duniya, na Edgar Church, an same shi a 1977 a garin Denba, dubbai, fes kamar sababbi, saboda sun zauna a ɗakin ƙasa mai sanyi da bushewa da duhu. Mu muna da bushewar a rani, sanyin ne babu. Nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, sama da ƙasa, nesa da bango saboda gara, nesa da taga. Kada ka ƙulle su a baƙar leda, in damina ta zo gumi za su yi. Kada ka ɗaure da kyauro. Jera su a kwali mai tsabta, kowanne da farar takarda tsakaninsa da ɗan'uwansa, kafin in zo da ledojinsu na musamman da kwalin da ake sawa a baya.

Sai abu ɗaya da ya fi duk wannan nauyi. Kayan nan gado ne. Ko naira ɗari suka yi, akwai haƙƙin iyalan Kawu a ciki, kada ƙwaya ɗaya ta fita daga gidan sai an sanar da su Inna da yaran. In sun yarda, ni zan so a bar na Najeriyan nan a gida ko da an sayar da sauran.

Gobe da safe, in Allah ya kai mu, wanke hannu ka busar da shi sosai, shimfiɗa farin zane a inuwa. Kowanne hoto huɗu: bangon gaba, bangon baya, ƙaramin rubutun nan na shafin farko, da tsakiya inda ƙarfen yake. Kada ka danne shi ya buɗe gaba ɗaya, rabi ya isa. Turo mini goma-goma kai tsaye don kada mu cika wa jama'a waya, ka fara da Powerman ɗin. A gaida Inna. Sai da safe.