Rawar da mawaƙan dengbej suka taka wajen riƙe harshen Kurdawa

Ka tambayi yadda Kurdawan ƙauyukan gabashin Turkiyya suka riƙe harshensu alhali an daɗe ba a koyar da shi a makaranta. A ganina, kaso mai tsoka na wannan aiki mawaƙan da ake kira dengbej ne suka yi shi. Galibi dengbej ba ya buƙatar kayan kiɗa. Yakan zauna a ɗakin baƙi a daren hunturu, ya dafe kunnensa da tafin hannu, ya ja murya yana rera labarin yaƙi, ko na masoyan da aka raba, ko na gaba tsakanin dangi, har dare ya tsala jama'a ba su watse ba. Ta haka sunayen kakanni da na duwatsun yankin suka riƙa wucewa daga baki zuwa baki.

Wata doka ta 1983 ta haramta buga rubutu da yaɗa shirye-shirye da Kurdanci, sai a 1991 aka soke ta. A tsakanin nan mutane sun riƙa ɓoye kaset-kaset, suna kuma kama gidan rediyon Yerevan na Armeniya, wanda ya fara sashen Kurdanci tun 1955. Amma abin da ya fi yi wa al'adar illa shi ne tayar da mutane daga ƙauyukansu da aka yi a shekarun 1990, domin ya raba mawaƙi da mutanen da suka san labarinsa. Gidan Dengbej da aka buɗe a birnin Diyarbakir da ke kudu maso gabashin Turkiyya a 2007 ya tattaro dattawansu, sai dai cikin masu sauraro a yau har da 'yan yawon buɗe ido waɗanda ba sa jin ko kalma ɗaya.