Tambayoyinku kan tsofaffin a-kori-kura: ba kowane aksul ne ke zama da ɗan'uwansa ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar Hilux ta dizal mai ogzilare, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja, da ita nike kwaso shanshera daga fadama in kai kasuwa. Aksul na baya ya lalace muka samo Beljiyam, bakanike ya ɗaura ya zauna daram, amma tun rannan in na sa ogzilare sai motar ta riƙa ɗaurewa, tayoyi na kuka, giyar ma ba ta fita sai na yi ribas. In ba ogzilare lafiya lau take tafiya. Mi ad dalili? Daga wani manomi a Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai don Allah ka daina sa ogzilaren nan har a duba motar, in ba haka ba za ka fasa ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi gaba da baya, ko farfela, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi zuwa aksul, ta tsinke maka a tsakiyar fadama da kaya a kai.

Abin da nake zargi shi ne haƙoran cikin aksul ɗin da kuka sayo ba su yi daidai da na gaba ba. Daga waje kam duk kamarsu ɗaya, ramin noti ɗaya, mazaunin sifirin ɗaya, shi ya sa ya hau ba gardama. Amma a ciki akwai kirawun da finiyo, wato babban faifai mai haƙora da ƙaramin da ke juya shi, kuma Toyota ta yi su iri-iri. Wani kirawun haƙori 41 finiyo 10, in ka raba 41 da 10 ka sami 4.10, wani 43 da 10 wato 4.30, wani 41 da 9 wato 4.56, akwai ma 39 da 8 wanda ya kai kusan 4.88. To tsohuwar Hilux in ka sa ogzilare farfelar gaba da ta baya a kulle suke, gudu ɗaya suke juyawa, babu abin da ke sasanta su a tsakiya, saboda haka in gaba 4.56 ne baya kuma 4.10 sai tayoyin baya su nemi su fi na gaba sauri da kusan kashi 11 cikin 100, baya na turi gaba na tirjewa, ɗaurewar da kake ji ke nan. A cikin laka ko rairayi taya na ɗan sulɓewa sai abin ya ɓuya, da ka hau ƙasa mai tauri sai ya fito fili.

Buɗe bonet ka nemi ɗan farantin ƙarfen da aka manna a bangon da ke bayan inji, wasu kuma a jikin ƙofa yake, akwai layin da ke nuna lambar giyabos da ta aksul. G292 na nufin 4.10, G282 4.30, G252 kuma 4.56. Sai dai faranti abin da kamfani ya sa kawai yake faɗa, motar da ta shekara talatin tana yawo daga hannu zuwa hannu Allah kaɗai ya san abin da aka sauya mata, don haka ni na fi yarda da ƙirga. A ɗaga taya ɗaya da jak ɗayar tana ƙasa, giya a firi, a sa alli a jikin farfela da jikin taya, a juya tayar sau biyu cif ana ƙirga juyin farfela. Ta juya huɗu da ɗan kaɗan, 4.10 ne. Huɗu da rabi, 4.56. A yi wa gaba, a yi wa baya. In sun bambanta ba sai an sake sayen aksul gaba ɗaya ba, cikinsa kawai ake kwancewa a sa wanda ya dace, kuma in za a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a ce wa mai kaya ya ƙirga haƙora a gaban ɗan aike. Ka duba tayoyinka ma, in na baya sun fi na gaba girma su ma suna kawo irin wannan.

TAMBAYA: Malam an kawo min Hilux biyu, ɗaya an rubuta SR5 ɗaya DLX, dillali ya ce SR5 ta fi ƙarfin inji shi ya sa ta fi tsada. Gaskiya ne? Daga mai sayar da albasa a Aliero.

AMSA: Ɗan'uwa kar rubutun jikin bodi ya ja ka. SR5 da DLX matakin kwalliya ne, SR5 ta fi samun kujeru masu kyau, kafet, ƙarfe mai ƙyalli da agogon juyin inji, DLX ba ta kai ta ado ba. Sitika kuwa kowa na iya saye ya manna. Harufan farko na lambar samfurin motar ne ke gaya maka inji, LN dizal ne irin su 2L mai lita 2.4 da 3L mai 2.8, RN fetur ne irin 22R, YN kuma su 3Y da 4Y. Ka leƙa ƙasa ka ga akwai aksul da farfela a gaba ko babu, galibi masu ogzilare noti 6 ne a taya, marasa shi 5. Kai da za ka loda buhunan albasa, ganyen sifirin da lafiyar shasi sun fi maka kafet amfani nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Zan iya ɗaura ƙafar bayan Peugeot 504 wagon a 504 a-kori-kura? Daga direba a Zuru.

AMSA: Ban ba ka shawara ba direba. Duk da sunansu ɗaya kuma duk an haɗa su a Kaduna, wagon a kan sifirin mai naɗi take zaune, a-kori-kura kuwa a kan na ganye don ɗaukar kaya, mazauninsu ba ɗaya ba ne, sai an yi yanka da walda, waldar nan kuma ita ke fara sakewa in an yi lodi. Nemi na a-kori-kura ko da tsoho ne a sake masa boris da sil.