Yaya, ga yadda yaranmu na Amurka suke wasa

Yaya, saƙonka ya iso, kuma na san ba da mugun nufi ka yi tambayar ba. Amma da ka ce yaran da muka haifa a nan ba su san wasa ba sai danna waya, har kana tantamar ko za a iya kiransu Hausawa, maganar ta tsaya mini a rai. Ba kai ka fara faɗa ba. Duk baƙon da ya zo mana daga gida, kafin ya huta gajiya ya riga ya yanke wa yaran hukunci.

Ba zan ce babu yaran da waya ta cinye ba. Akwai su a nan, akwai su a wajenku. Abin da ba ku gani shi ne a jihar Pensilbaniya, inda muke zaune kusa da Harisbag, wasa ba ya zuwa da kansa. Babu dandalin da yara za su taru bayan cin tuwo. Daga Disamba zuwa Maris sanyi da ƙanƙara ne, kowa na ƙunshe a ɗaki. In ka bar ƙaramin yaro yana yawo shi kaɗai a titi, wani maƙwabcin zai iya kira maka hukuma. Don haka duk wasan da ka ga yaronmu ya iya, wata uwa ce ta tashi tsaye a kansa.

Waɗanda suka taimaka mana a kan wannan, za ka yi mamaki, Turawan karkara ne. Akwai wasu mutane a nan da suka ɗauki dogaro da kai kamar sana'a. Suna kiwon kaji da zuma, suna noma abin miyarsu a bayan gida, su dafa tumatir su rufe a kwalabe don lokacin sanyi, su faskara icen da za su ji ɗumi da shi. Abu in ya lalace gyara shi suke yi, saye sai dole. Maigidan nan ya fara sanin su wajen neman ragon layya, daga nan zumunci ya ƙullu. In an zauna da su da yamma, hirar ba ta wuce ƙuruciya: yadda suke huda gwangwani biyu su haɗa da zare su yi wayar tarho, yadda suke rataya tsohuwar taya a reshe su yi lilo, da keken katako da ake yi da ƙafafun tsohon keken jarirai. Ni ma sai in kawo tamu, motar kara da 'yar tsana da carafke da langa. Sukan yi shiru su saurara, don ba su taɓa zaton yaran Afirka da su abu ɗaya suka yi ba.

Kowace hira kuwa ƙarshenta maƙesu. A nan sukan fito ne a watan Yuni da Yuli, daidai lokacin da makarantu ke dogon hutu. Jihar nan ma maƙesu ne ƙwaronta na hukuma tun 1974, kuma 'yan firamare ne suka nemi a yi hakan. Ka tuna ɗaya-ɗaya da muke gani a fadama da damina? Na nan ya wuce haka nesa. Fili guda sai ya ɗauka gaba ɗaya, daga ciyawa har kan itatuwa.

Wata tsohuwa cikin mutanen nan ce ta koya wa yarana kallonsu da kyau. Wanda ke tashi sama namiji ne. Yakan ɗan yi ƙasa sannan ya ɗago yana haske, sai wutar ta zana ƙugiya a iska, ya ɗauke, bayan daƙiƙa biyar ko shida ya sake. Macen tana zaune a kan ciyawa, in ya yi mata sai ta jira kamar daƙiƙa biyu ta amsa. Tsohuwar nan takan ba yaro ƙaramar tocila ta ce ya durƙusa, in namijin ya ƙyalla ya ƙirga biyu ya kunna ya kashe. Wallahi Yaya, na ga ƙwaron ya juyo ya sauko har kan hannun autana. Ita ce kuma ta nuna musu cewa hasken ba shi da zafi ko kaɗan, wani sinadari ne a cikin ƙwaron yake haɗuwa da iska ya ba da haske. Ana sa su a kwalba da ɗanyar ciyawa a kalla, amma kafin a kwanta dole a buɗe a sake su, domin kwanakinsu a sama 'yan makonni ne kawai. Shekara ɗaya zuwa biyu suke yi suna tsutsa a ƙasa mai laima, suna cin dodon koɗi da tana. Shi ya sa mutanen nan ba sa fesa maganin ƙwari a filinsu, suna barin busasshen ganye a gefe ya ruɓe, kuma suna kashe fitilun waje, don haske mai yawa yana hana namiji da mace ganin juna. Manyansu duk sun ce a da sun fi haka yawa, kuma abin yana damunsu ƙwarai.

Na san abin da za ka ce: yara a waje da almuru? Mu ma mun yi wannan muhawarar a tsakaninmu. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai tara saura, kuma daidai lokacin ne maƙesu ke fara tashi. Abin da gidanmu ya tsayar shi ne kowa ya shigo a yi magariba tare, a yi addu'a, sannan a fita da babba a kusa. Wasu gidajen Hausawa ba su yarda ba sam, ban kuma ga laifinsu ba.

Motar kara kuwa da karan masara muke yi, don masara ce ta cika gonakin nan. Bayan girbi nakan roƙi manomi ya bar ni in ɗebi dami. A ɓare ɓawon a tsaga shi siri-siri, a yanka totuwar guntu-guntu, a riƙa soka ɗaya cikin ɗaya har mota ta tashi da ƙofa da gilashi. Karan masara bai kai na dawa ƙwari ba, motar ba ta daɗewa, amma yatsun yaro suna koyo. Kai ka koya mini a zauren Baba, kana yi mini faɗa ina ɓata maka kara, kuma har yau in na riƙe reza sai na tuna yadda Inna ke ƙwace ta ta ɓoye a ƙarƙashin tabarma.

Yanzu maganar auren, tunda na san ita ce a ƙasan tambayar. E, ɗan farina 'yar ɗaya daga cikin gidajen nan ya aura. A masallaci aka ɗaura, da waliyyi da sadaki da shaidu, kuma ta karɓi Musulunci da bakinta ba wanda ya tilasta ta. An yi ta ce mini na yi asarar ɗa. To ita wannan yarinyar ce ta zo ta zauna a gabana ta ce in koya mata ɗinka 'yar tsana da tsumma, ita ce ke hana jikokina waya sai ranar Asabar, ita ce ke ce musu su gaishe ni da Hausa su durƙusa. Ta lura ba na kiran sunan mijinta, ta tambayi dalili, da aka yi mata bayanin kunyar ɗan fari ba ta yi dariya ba. Ba na cewa kowane irin auren nan yana kyau. Na ga waɗanda suka watse, yara suka tashi ba sallah ba harshe, kuma abin yana ci mini rai. Amma mu nan ba mu da yawa, yaro da wanda ya tashi da shi zai saba, kuma mai hali ake nema.

Ba nisa da mu, a Lankasta, akwai mutanen Amish. Kakanninsu sun zo daga Turai tun ƙarni na 18, har yau suna magana da irin Jamusancinsu a gida, suna hawa keken doki, ba su jawo wutar lantarki gidajensu ba. Sun riƙe harshen ne don suna zaune wuri guda, suna aure a junansu, suna da makarantunsu. Mu ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Uwa ce kawai da bakinta, da taron suna, da ranar sallah. Duk da haka yarana suna jin Hausa suna mayarwa, ko da harshen ya ɗan karkace.

Abin da ke ba ni takaici shi ne in mun zo gida. Yaro ya yi shekara yana tattara Hausarsa don ya gaida dangi, yana buɗe baki sai a fashe da dariya, a kira maƙwabta a ce ya maimaita. Daga ranar sai ya koma Turanci, ku kuma ku ce kun gani ai mun faɗa. Autana ta yi kuka a kan wannan, ta ce ba za ta ƙara ba, sai da na yi wata ina lallashi.

In kana son taimaka mana, ga hanya. Waƙoƙin gaɗa da yawa sun zube mini, na san farko na manta amshi. Ka sa Yaya Babba ta zauna da matan gidan su rera, da tafin da komai, ka ɗauka a wayarka ka turo. Ka haɗa da ƙa'idar dara, don ni da maigidan nan mun kasa daidaitawa a kan ko ana cin ɗa da layin da aka jera tun wajen zubi, kuma hutun yaran ya kusa.