Amsa ga mai tambaya kan sukar gefen ciki lokacin gudu

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga ka ce kana shirin gwajin shiga soja, kuma duk ranar da ka fita gudu, ba ka yin minti goma sai wani abu ya soke ka a ƙasan haƙarƙarin dama kamar an caka maka tsinke, har ka fara tunanin ko hanta ce ko saifa. Ka kwantar da hankalinka. Na fi shekara goma ina gudu bayan sallar asuba, kuma wannan sukar ta sha tsayar da ni a gefen titi.

Tambayar da zan fara yi maka: me kake ci kafin ka fita? Lokacin da na fara, al'adata in tsaya wurin mai koko in sha kofi guda da ƙosai, wai don in samu ƙarfi, sannan in nufi filin sukuwa a nan Kano. Kafin in gama zagaye na farko na dafe gefe na sunkuya, numfashi ma da ƙyar. Na yi watanni ina zargin jikina, ashe kokon ne. Da na mayar da karin kumallo bayan na dawo, sukar ta ragu sosai cikin sati biyu. Idan ka ci abinci mai nauyi, ka ba shi awa biyu zuwa uku kafin ka ɗaura takalmi. Lemon kwalba, lemon kwali da zoɓo mai sukari sun fi ruwa zalla tayar da ita nesa ba kusa ba. Ruwan ma kada ka ɗirka shi lokaci guda, kurɓi kaɗan-kaɗan. Masu fita gudu bayan shan ruwa da azumi sun san wannan, ciki cike da kunu, ba a zuwa ko'ina.

Maganar saifa kuwa, saifa tana hagu ne, ita kuma wannan sukar ta fi zuwa ta dama. Wani mai bincike ɗan ƙasar Ostiraliya, Darren Morton, ya daɗe yana nazarin ta. A bitar da suka fitar a 2015 shi da Robin Callister, sun nuna kusan kashi 70 cikin 100 na masu gudu sun gamu da ita a cikin shekara guda, kuma a tsere ɗaya kusan mutum ɗaya cikin biyar na jin ta. Bayanin da suka fi rinjayarwa shi ne akwai siririn tantani da ya shimfiɗe a bangon ciki ta ciki har ƙarƙashin naman da ya raba ƙirji da ciki. Idan tumbi ya cika, jiki kuma yana jijjiga, sai a riƙa gogar tantanin nan, shi ne zafin da kake ji a wuri ɗaya tak. Shi ya sa mahaya doki da masu ninƙaya su ma suke fama da ita. Wani lokaci har kan kafaɗa za ka ji tsukun, saboda jijiyar wurin tana da alaƙa da kafaɗa. Ta fi damun matasa, tana raguwa da shekaru da kuma sabo.

Abu na biyu da ya taimake ni shi ne daina tashi da wuta. Samari masu shirin gwaji ina ganinsu, daga ƙofar gida sai a guje kamar an biyo su. Yi tafiya da sauri na minti biyar, ka sassarfa na wasu biyar, sannan ka ƙara mai. Musamman da sanyin hunturu, jiki na buƙatar ya ɗumama. Ka miƙe bayanka, kada ka dunƙule kafaɗu ka duƙar da kai idan gajiya ta zo.

Idan kuma ta riga ta kama ka a hanya, ga yadda nake yi. Na rage gudu, na sa yatsu uku na danna daidai inda ke ciwo, na ɗan ranƙwafa gaba. Sai in ja iska sosai har cikina ya kumbura, ba ƙirji kawai ba, in fitar da ita a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura garwashi. Sau biyar, sau shida, yawanci ta saki. In ta ƙi, in koma tafiya, in ɗaga hannun ɓangaren sama in karkata zuwa ɗaya gefen. Wasu na cewa ka riƙa fitar da numfashi lokacin da ƙafar ɗaya ɓangaren ta taka ƙasa. Ni dai yana min aiki, ko don yana daidaita min numfashi ne. A gida kuma ka riƙa atisayen ƙarfafa ciki da baya sau uku a sati.

Amma ka lura da wannan, don da gaske nake. Sukar gudu tana wucewa da ka huta na 'yan mintuna. Idan ka tsaya ba ta tafi ba, ko tana zuwa kana zaune, ko ta haɗu da zazzaɓi da amai, ko ciwon a tsakiyar ƙirji yake yana sauka hannun hagu tare da jiri da gumi mai sanyi, wannan ba ita ba ce, ka tafi asibiti ranar. In kuma kana da sikila, ko ba ka taɓa gwada jininka ba, ka fara ganin likita kafin ka matsa wa kanka horo mai tsanani.

Gwada fita da ruwa rabin kofi kawai na sati biyu, ka dawo ka faɗa mana yadda ta kaya. Allah Ya ba da sa'a a gwajin.