Ga mai tambayar ƙarin albashin Afrilu a Ingila

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kana aikin kula da tsofaffi gida-gida, ka ji an ƙara mafi ƙarancin albashi amma ba ka ga canji a albashin Afrilu ba, kana tsoron ko cutarka ake yi. Na daɗe a wannan aikin, bari in faɗa maka abin da na sani.

A nan kowace shekara ranar 1 ga Afrilu ake ƙarin, ba kamar gida ba da aka tsaya kan naira 30,000 tun 2019 sai 2024 aka kai 70,000. Kuma da awa ake lissafi. A 2023 fam 10.42 ne ga mai shekara 23 zuwa sama, a 2024 ya koma 11.44, a 2025 ya kai 12.21 ga mai shekara 21 zuwa sama. Sai dai sabon farashi yana fara aiki ne daga zangon biya na farko da ya soma bayan an shiga Afrilu. In kamfaninku na yanke lissafi daga 16 ga wata zuwa 15, to albashin da ka karɓa na tsohon farashi ne, ba su karya doka ba. Ka jira na gaba. Haraji ma zai ci nasa, don tun 2021 ba a ɗaga fam 12,570 ɗin da ba a taɓawa a shekara ba, abin da ya haura ana cire kashi 20.

Ni abin da ya fi damuna da masu aikinmu shi ne kallon farashin awa a takardar albashi su kwanta. Ba nan ɓarnar take ba. Lokacin da kake kan hanya daga gidan tsohuwa ɗaya zuwa na gaba, doka ta ce lokacin aiki ne. Wani kamfani da na yi wa aiki yana biyan mintunan da na yi a cikin gida kawai. Ka fito daga gidan farko, ka tsaya jiran bas cikin yayyafi, ka isa na biyu, duk wannan babu shi a takarda. Da na raba kuɗin da ainihin awannin, sai ga shi ya faɗo ƙasa da abin da doka ta yanka. Haka kuɗin yunifom: in sun cire a albashinka har ya sauke ka ƙasa, laifi ne. Tafiyarka daga gidanka zuwa gidan farko kam ba a lissafa ta. Kwanan aiki ma, Kotun Ƙoli ta yanke a 2021 cewa awannin da kake barci ba sa ciki, sai waɗanda ka tashi ka yi aiki.

Saboda haka ka samu ɗan littafi, kullum ka rubuta lokacin shiga, na fita da na hanya. Na san masu biza ta hannun kamfani suna jin tsoron magana, kuma tsoron yana da dalili. Fara da kiran ACAS, hukumar da ke ba da shawara kan saɓanin ma'aikata da kamfanoni, shawararsu kyauta ce kuma a sirrance. HMRC, hukumar harajin Birtaniya, ce ke tilasta wa kamfani biyan bashin, har da tara, kuma kana iya roƙon kada a bayyana sunanka. In ka ga dama, turo mini awanninka na wata guda ta akwatin saƙo, ka rufe sunan kamfanin, mu lissafa tare.