Zuciya za ta sake so bayan mutuwar aure?

Ɗan'uwa, ka ce aurenku na shekara 9 ya mutu, kana son ka ja mota kai kaɗai zuwa gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi ka yi tunani, kana kuma tambaya ko za ka sake son wata.

Na yi irin wannan tafiya bayan mun rabu da tawa. Daga Kano na bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi har Bauchi. Ka tashi bayan asuba, ka duba taya da ruwan lagireto, ka sanar da wani inda ka nufa. Tafiyar dare kuwa, bar ta. A Ningi na tsaya sayen tsire, sai na ji bakina ya ce a naɗe kashi biyu. Nan na san ban warke ba. A ruwan ɗumi na Wikki da ke cikin Yankari na zauna har yatsuna suka yi yaushi, ina lissafin nawa laifin, ba nata kaɗai ba.

So yana dawowa, amma ba a bakin titi ake tsintarsa ba. Inda muke faɗawa shi ne auren huce haushi, ko cika wa wadda kake nema kunne da labarin tsohuwar matarka. Ni sai bayan shekara 2 na sake aure.

In saki ɗaya ne kuma ba ta gama idda ba, ga malami kafin ka kama hanya, don ƙofar kome a buɗe take. In barci ya ƙaurace maka makonni, abinci ya fita ranka, je wurin likita.